Musbahu Badaru, Makaɗin Jita, da Yankan Farcen Juma'a

Haihuwa da Asali

An haifi Musbahu a shekarar 1961 a birnin Jidda, a gidan Malam Badaru, wanzamin da ya zo aikin Hajji daga Katsina ya zauna yana aski a unguwar Bab Makka, da maiɗakinsa Hajiya Tani. Ya yi karatun allo, sannan ya shiga makarantar Larabci, kuma tun yana da shekara goma yake ɗaukar wa mahaifinsa zabira.

Karatun Jita

A shekarar 1975 wani malamin kiɗa ɗan Masar, Ustaz Abdulghani, wanda Malam Badaru ke zuwa yi wa aski har gida, ya lura Musbahu ba ya ɗauke ido daga jitarsa, sai ya ba shi aronta, ya fara koya masa karanta kiɗa a rubuce da kaɗa tsirkiya shida da yatsu. Wannan fanni yana da sharaɗi guda: makaɗi ya tara farce a hannun dama, domin da shi ake fitar da sauti. A gidan Malam Badaru kuwa kowace Juma'a ake yanke farce kafin a tafi masallaci, kuma ya faɗa a fili cewa hannun da ya tara ƙumba ba zai shiga faranti ɗaya da nasa ba. Da Ustaz ya gaji a 1979, ya ce wa ɗalibinsa: “Ko farce, ko ka mayar mini da jitata, halas, magana ta ƙare.”

Abin da Ya Faru Tsakaninsa da Mahaifinsa

Har gobe ana faɗa a unguwar Kurayyat ta Jidda wai Malam Badaru ya tsine wa ɗansa a kan kiɗa. Masu wannan magana ba su taɓa taka gidan ba, ji suka yi suka ƙara gishiri. Gaskiyar ita ce Musbahu bai taɓa fashin miƙa hannunsa ranar Juma'a ba, ko da ya san yankan nan zai raba shi da malaminsa. Wata Juma'a a ƙarshen shekarar, bayan an yanke masa ƙumba tas, ya zauna ya kaɗa, sautin ya fito a dushe. Mahaifin yana wasa askarsa, ya ɗago ya ce: “Jiya ba haka take kuka ba. Wannan aikina ne ya lalata ta?” Mako na gaba sai ya yanke farcen a karkace, ya bar masa baki kamar rabin ƙwayar shinkafa, ya goge shi da dutsen wasa aska, ya ce: “Yalla, buga mu ji.” Shekara biyu suka yi a haka, uba na yanka, ɗa na kaɗawa, uban na saurare yana gyarawa, har suka dace da yankan da ke ba da sauti mai kauri da tsabta. Ba a taɓa ƙetare Juma'a ba, ba a kuma raba faranti ba, jitar Ustaz ma ta zauna.

Aiki da Ɗaukaka

A 1988, bayan kafilinsa, wato ɗan ƙasar da ke tsaya wa baƙo a Saudiyya, ya ba shi izinin fita, Musbahu ya zo na ɗaya a wata gasar makaɗa jita a Alƙahira. Da alƙalan gasar suka duba hannunsa suka tambayi wane farfesa ne ya tsara masa wannan yanka, ya amsa musu da cewa wanzamin Bab Makka ne. Daga nan ya yi wasa a Tunis da Madrid da Khartum, ya kuma tsara kiɗa talatin da huɗu, mafi shahara a ciki shi ne “Zabira” na 1993, wanda ya ɗora a kan amon garaya. Duk da haka, sana'ar da ke rubuce a iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, ba ta canja daga wanzanci ba, shi ma bai taɓa neman a canja ta ba.

Aure da Iyali

Ya auri Zaituna, 'yar Hausawan Sudan mazauna unguwar Bani Malik, a 1986, Allah ya azurta su da 'ya'ya huɗu, ɗaya ya riga shi rasuwa. Da Malam Badaru ya rasu a 1997, Musbahu ya gaji askar da dutsen, ya ci gaba da yanka da kansa, ya kuma koya wa ɗalibansa goma sha tara.

Rasuwa

Ya rasu da hantsin Asabar, 10 ga Maris 2012, sakamakon ciwon zuciya, aka yi masa salla bayan La'asar, aka binne shi a maƙabartar da mahaifinsa yake. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku a raye: Bello, malamin makaranta, Larai, ma'aikaciyar jinya, da Rahamatu, wadda jitar da askar suke hannunta yanzu. Waɗanda suka yi masa wanka sun shaida cewa farcensa a yanke yake, yankan jiya Juma'a, a karkace.