Molon Sinawa na Yaya Sule ya sake magana

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sule, tela a unguwar Birkitiri. Sai a daminar bana na iya tuna shi ba tare da ƙirjina ya yi nauyi ba.

Yaya makaɗin molo ne tun muna yara. Da ya fara zuwa ƙasar Sin sarin yadi, sai ya dawo da wani dogon katako mai tsirkiya ashirin da ɗaya, wanda Sinawa ke kira gujang. Kwantar da shi ake yi, a kaɗa da faratan roba. Kowace tsirkiya tana da jakinta, ɗan icen nan da ke ɗaga ta, irin na goge. Shekaru ya yi yana matsar da jakunan kaɗan-kaɗan, har abin ya koyi kiɗanmu. Abokinsa mai soya, wato mai tsire, yakan leƙo shago ya ce, "Sule, wannan baƙon naka ya fi ni jin Hausa!"

Da ya rasu, wajen rabon gado aka ce kayan kiɗa ba ya shiga rabo. Wasu suka ce a fasa. Na hana, amma don ya kwanta a saman kabad sai na sassauta tsirkiyoyin, na kwashe jakunan na zuba a gwangwani. Ni karatuna bai yi nisa ba, kuma ban tambayi kowa ba. Daga baya na gane cewa kiɗan Yaya yana wurin da kowane jaki ya tsaya, na kuwa rushe shi da hannuna. Gyara kayanka na so yi, na ɓuge da sauke mu raba. 'Yarsa Hadiza takan tambaye ni molon babanta, ni kuma in kawar da zance.

Bana ta zo daga unguwar Mesa, inda take aure, ta sauko da molon da kanta. Ta goge ƙura, ta ƙura masa ido.

"Baffa, matso ka gani. Idonka fa, ba nawa ba, shi ke buƙatar linet," in ji ta, tana nufin tabarau.

Hasken shago ya rina katakon ya yi duhu, sai dai inda jakunan suka zauna ya bar ɗan tabo fari-fari, kowanne a wurinsa. Ta mayar da su, ta ɗaure tsirkiyoyin a hankali, ta taɓa. Sautin Yaya ne, har da 'yar rawar nan da yake sawa a ƙarshe. Na zauna a ƙasa na yi hamdala.

Me zai ce da ya gan mu yau? Ina jin dariya zai yi mini, ya ce ƙanensa har yanzu hannu ya riga kai. Mai haƙuri yakan dafa dutse, kuma haƙurin nan nasa shi ne ya saura, a jikin katako da a yatsun 'yarsa.

Jiya na ga Hadiza ta matsar da jaki ɗaya daga kan tabonsa, tana neman wani sauti nata. Na buɗe baki zan hana ta, sai na ƙyale ta. Allah Ya jiƙan Yaya Sule.