Ranar da Kwamfuta Ta Ce Kawu Birni Yake So

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, inda nake karanta ilimin halayyar ɗan Adam, malamata ta ba ni aikin gwada mutane da kwamfuta. Hoto zai fito, ko na ƙauye ko na birni, ko fuska mai murmushi ko mai ɓacin rai, mutum ya danna maɓallin dama ko na hagu da iyakar saurinsa. A zagaye na farko ƙauye da murmushi suna maɓalli ɗaya, a na biyu birni ne ke haɗuwa da murmushin. Kwamfuta tana auna jinkirin yatsa. Inda hannu ya fi sauri, wai can zuciya ta fi karkata, ko da baki yana faɗin wani abu dabam.

Na ɗauki kwamfutar aro na tafi ƙauyenmu da ke kusa da garin Suki. Don in burge malama, ban nemo hotunan ƙauye a intanet ba. Na zaga da wayata na ɗauki gonakin mutanenmu, da bakin tur'a, magudanar da ruwan ban-ruwa ke bi ya shiga gonaki, da rumbuna da jakuna. Na birni kuwa benaye ne da motoci na ko'ina.

Kakata na fara zaunarwa. Ta yi bisimilla, ta sa hannun hagu a cinya, ta ce ita ba ta miƙa wa baƙo hagu, kuma abin nan baƙo ne a gidanta. Da yatsa ɗaya na dama ta riƙa zirga-zirga tsakanin maɓallan biyu, tana yi wa masu ɓata fuska sannu. Tun kafin ta gama na san ba zan yi amfani da sakamakonta ba, sai na bar ta ta ji daɗinta.

Kawu, ƙanen mahaifiyata, shi na sa wa rai. Tun yana saurayi yake noman hawasharsa, gonar da ya gada a filin ban-ruwa, kuma duk ƙauyen an san ra'ayinsa a kan birni. Yakan ce wuri ne da ake sayen ruwan sha, maƙwabci kuma bai san sunanka ba. Ko asibiti aka kai shi a birnin Wad Madani, kafin la'asar ya fara tambayar mota.

Ya zauna a ƙarƙashin rumfa bayan azahar, abokansa uku suna kan tabarma suna jiran kofi. Na yi masa bayani sau biyu. Zagaye na farko ya yi shi kamar mai taka ƙaya. Yatsunsa manya ne, sun yi kanta, wani lokaci ya haɗa maɓalli biyu. Ina ganin yana kai fuska kusa da allon yana gunaguni, amma hankalina yana kan kada caji ya ƙare. Kafin zagaye na biyu matarsa ta kawo jabana, butar kofi mai citta, ya sha finjali biyu, ya gyara zama. Wannan karon hannunsa kamar na mai kaɗa kalangu.

Sakamako ya fito, ni kuma da wautar ɗalibar da ta ga abin mamaki, na karanta shi da ƙarfi: zuciyar Kawu ta fi karkata ga birni.

Abokansa suka kwashe da dariya har ɗaya ya zubar da kofinsa. Wani ya ce ashe shi ya sa yake goge jallabiyarsa ranar kasuwa. Kawu bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, wanga abu naki, mi ya sani game da ni?"

Na ce, "Kawu, saurin hannunka kawai ya auna."

"To hannuna ya yi ƙarya," in ji shi, ya sa takalmi ya tafi gona da ranar nan.

Kwana uku ana kiransa ɗan birni a masallaci da bakin tur'a. Abin ya dame ni, sai na buga wa malamata waya. Ta tambaye ni da wane zagaye Kawu ya fara, me ya faru a tsakani, ko ya taɓa riƙe kwamfuta. Ta ce mai koyon abu dole ya yi nawa a farko, kuma ya kamata rabin mutane su fara da zagaye na biyu. Gajiya, shekaru, hayaniyar 'yan kallo, duk suna shiga cikin yatsa. Da na gaya mata inda na samo hotunan, sai ta ce in je in duba a kan waɗanne ya fi daɗewa.

Na duba. Duk gonaki ne. Na sami Kawu da yamma yana gyaran kunya, na ba shi haƙuri, na tambaye shi me ya tsayar da shi. Ya jingina fartanya ya ce ai gonar maƙwabcinsa ya gani, ciyawa ta ci rabin dawar, ta biyu kuma ruwa ya kwanta a gindin auduga. Yaya mutum zai ga haka ya wuce? Benayen kuwa ba na kowa ba ne, babu abin kallo a jikinsu.

Ya sa na maimaita bayanin malama a gaban abokan nan uku, daki-daki, da Hausa da Larabci. Ba su daina tsokanarsa ba, amma ya samu abin mayar musu.

Na sake shirya gwajin da zane-zane maimakon hotuna, a ɗaki, mutum ɗaya-ɗaya. Kawu ya ƙi sake zama, ya ce sau ɗaya ya isa. Amma shi ya riƙa tara mini mutane, yana tsaye a ƙofa yana korar 'yan kallo, har na gama aikin a mako biyu.