Eriyar Kan Rumbun Elmer Vondrasek

Elmer Vondrasek manomin masara ne a Brezina, wani ƙauye a gabashin jihar Nebraska ta Amurka. Shekarunsa sittin da takwas. Ban da noma, shekara ashirin da shida ke nan shi ke tuƙa bas ɗin 'yan makarantar firamare safe da yamma, kuma yawancin iyayen yaran da yake ɗauka yanzu a bas ɗin nan suka girma. Bai iya kwamfuta ba. Wayarsa ma irin mai murfin nan ce.

Rumbunsa ya fi komai tsayi a yankin, kuma shi ya jawo masa maganar. Da kamfanonin intanet suka ƙi jawo waya zuwa gonaki, maƙwabta suka haɗu suka sayi layi ɗaya daga gari, suka kafa eriya a saman rumbun, tana raba wa gida ashirin da uku. Takardar sayen layin sunan mutum ɗaya take so. Aka ce Elmer ya sa hannu tunda rumbunsa ne, ya sa, ya manta.

A farkon watan Yuli wasiƙa ta zo masa daga lauyoyin wani kamfanin fim. Ta ce ta layinsa an sauke fina-finan batsa goma sha huɗu na kamfanin ba izini, da manhajar musayar fim. Ita wannan manhaja, wanda yake ɗaukar fim da ita, a lokacin kuma kwamfutarsa tana raba wa wasu, lambar layinsa tana bayyane ga kowa, har da masu sa ido na kamfani. Sun riga sun shigar da ƙara a kotun tarayya ba tare da suna ba. Ko ya biya dala dubu shida cikin mako uku a rufe magana, ko su sa sunansa a takardun kotu, waɗanda kowa ke iya karantawa.

Matarsa Darlene ta karanta sau biyu, ta cire tabarau ta dube shi.

"Kai da ba ka iya canja tashar talabijin ba sai na zo?"

"To ai shi na gani."

"Elmer, idan sunanka ya fita tare da sunayen fina-finan nan, makaranta ba za ta bar maka yara ba. Ba ruwansu da gaskiyarka."

Ya san haka. Ba a taɓa jin an bar direban bas a bakin aiki da irin wannan zargi a kansa ba.

Washegari ya nuna wa abokinsa Luverne Skoglund wasiƙar a shagon kofi. Luverne ya yi dariya har ya ƙware.

"Ashe haka kake, tsoho? Goma sha huɗu! Shi ya sa masararka ta lalace bara."

"Rufe mini baki."

Luverne ya goge ido, ya sassauta murya. "Biya kawai. Sai mu yi karo-karo, ba wanda zai ji. Kowa biya yake yi."

"In na biya na ce ni ne," in ji Elmer. "Ni kuwa ba ni ba ne."

Ya tafi wurin wata lauya a hedikwatar gunduma, Marcia Pelikan, wadda ita ma bas ɗinsa ta hau tana yarinya. Ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce ƙarar ba ta wasa ba ce: wani ya sauke fina-finan da gaske, kuma doka ta yarda a ci tarar mutum har dala dubu ɗari da hamsin a kan fim ɗaya idan da gangan ya yi. Amma lamba ba mutum ba ce. Idan aka nuna wa alƙali cewa gida ashirin da uku ke shiga intanet da lambar nan guda, kamfanin ba shi da hujja a kan Elmer. Sai dai kowane gida zai sa hannu a takardar rantsuwa cewa ta rumbun yake samun intanet.

"Ka gane abin da nake nufi, Mista Vondrasek? Duk wanda ya sa hannu, ya shigar da kansa cikin waɗanda za a iya zarga."

"Na gane."

"Kuma dole ka gaya musu wane irin fim ne."

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, mutane suna zauren baya suna shan kofi da burodi mai zaƙi, Elmer ya buga cokali a jikin kofi. Ya karanta wasiƙar daga farko har ƙarshe, har da sunayen fina-finan, ɗaya bayan ɗaya, kunnuwansa sun yi ja. Ya ajiye takardar lauya da biro a kan tebur ya ce bai tambayi kowa wane ne ba, kuma ba zai tambaya ba. Yana so kawai su faɗi gaskiya a kan eriya.

Maza suna kallon takalmansu. Sai Misis Ludmila Kucera, mai shekara casa'in da ɗaya, wadda ke amfani da intanet don ganin jikokinta, ta dogara sanda ta taso.

"Ba ni biron nan, Elmer. Su zo su kama ni. Sai su yi wa alƙali bayanin yadda na yi."

Zauren ya fashe da dariya. Luverne ya bi bayanta yana cewa shi dai a rubuta cewa tilasta shi aka yi. Kafin kofi ya huce gida goma sha tara sun sa hannu. Sauran huɗun Darlene ta bi su gida-gida ranar Litinin, ba ta dawo ba sai da ta cika ashirin da uku.

Lauya Pelikan ta miƙa wa kotu takardar, da hoton rumbun da eriyar a kansa. Lauyoyin kamfanin suka nemi bayanan da za su nuna gidan da ya sauke fim. Akwatin na'urar da ke raba intanet a kan rumbun mai araha ne, ba ya ajiye irin wannan bayani. Mako biyar bayan haka suka janye ƙarar, alƙali kuma ya umarci kada sunan Elmer ya shiga takardun shari'ar.

A taron masu eriya na gaba, Elmer ne ya fara magana. Ya ce ko wane ne, ya goge manhajar nan daga kwamfutarsa yau, domin an yarda a sayi sabon akwati da zai ba kowane gida lambarsa, kuma wasiƙa ta gaba ƙofar mai laifi za ta je kai tsaye. Har yau ba a san mutumin ba.

Makaranta ta koma a tsakiyar Agusta. Shugabar makarantar tana cikin waɗanda suka ji karatun wasiƙar a coci, kuma da kanta ta miƙa masa makullin bas. Ƙarfe bakwai saura kwata ya tsaya a ƙofar gonar farko. Yara biyu suka hau suka ce, "Ina kwana, Mista Vondrasek." Uwarsu ta ɗaga masa hannu daga baranda, ya danna hon sau biyu kamar kullum, ya ja mota.