Turakun da Na Kafa a Kan Burtali

Ranar Alhamis ce, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, kwana goma sha biyu bayan saukar ruwan farko. Mu huɗu ne tsaye a wani fili gabas da garinmu, a ƙasar Dutse: ni, da mai unguwa, da Hajiya shugabar ƙungiyar mata, da Ardon Fulanin yankinmu. Abin da ya faru cikin rabin sa'ar da ta biyo baya ba zai fita daga raina ba muddin ina numfashi.

Ga yadda aka yi muka je wurin. Ƙungiyar ci gaban garinmu ta yanke shawarar gina cibiyar taimakon jama'a: ɗaki biyu, inda za a riƙa rubuta wa mutane takardu, a koya wa mata ɗinki, sa'an nan da lambu wanda matan da mazansu suka rasu za su noma alayyafo da salak da tumatir. Wani ɗan garin da ke aiki a Kano ya yi alkawarin rijiyar burtsatse, bisa sharaɗi guda: motar haƙa za ta iso ranar Asabar, in ta tarar ba mu tsayar da wuri ba, sai ta wuce wani gari wajen Ringim. In babu rijiya kuwa, babu lambu.

Ni aka naɗa shugaban kwamitin neman fili, domin na daɗe ina hedimasta a birane kafin in yi ritaya in komo gida. Mahaifina ma'aikacin reluwe ne, ta dalilinsa na yi karatu a makarantar mishan, inda malaminmu kan yage shafi ɗungum saboda layi ɗaya ya karkace. Da wannan tarbiyya na girma, da ita kuma na tsufa.

Filaye bakwai na auna da tef. Hajiya ta fi son wani da ke bayan dutse, mai kusurwa uku, da tsamiya tsaye a tsakiyarsa. Na ce mata ba a taɓa gina ofis a kan abin da ya karkace haka ba. Daga bisani na sami nawa: shimfiɗaɗɗe, miƙaƙƙe, ba kututture ko ɗaya, ƙasarsa baƙa mai laushi. Na tambayi mai unguwa, wanda tsohon ɗalibina ne, ko filin yana da mai shi.

Ya ce, "Babu, ranka ya daɗe, amma…"

Na ce, "Amsa ɗaya nake so. Akwai ko babu?"

Ya sunkuyar da kai ya ce babu. Ban tsaya na tambayi kaina ba yadda ƙasa irin wannan za ta zauna ba a nome ta ba, a garin da ake shuka gero har bakin ƙofar gida.

Taron kwamitinmu kuwa, na mu huɗun nan, yana da tsari. Ana buɗewa ƙarfe huɗu da rabi, ana rufewa biyar da rabi, ana bin ajanda ɗaya bayan ɗaya. Ardo ya taɓa ganina ina awo a wurin, saboda haka taro uku a jere yana ɗaga hannu. Kullum nakan ce, "Ardo, wannan sai mun zo kan sauran batutuwa." Kafin mu zo kansu kuwa lokaci ya cika, na rufe littafi. Shi kuma mutum ne mai kunya irin ta mutanensa, ba ya katse dattijo a gaban jama'a. Sai ya ce, "To Malam, Allah ya kai mu."

Ranar Alhamis ɗin nan na kai su domin su ga aiki kammalalle. Turaku arba'in na kafa da hannuna, kowanne na shafa masa farin fenti, na ja zare a tsakaninsu, kusurwa huɗu daidai wa daida. Na buɗe taswirar da na zana, na gyara tabarau, na fara bayani. Na lura Ardo ba ya duban taswira, kudu yake kallo. Har na buɗe baki zan tsawata masa, sai na ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashin takalmina.

Shanu ne. Garke bayan garke, farare masu dogayen ƙahoni, suna komowa daga kudu inda suka yi rani, domin ciyawa ta fara tsirowa a gida. Ba su yi gudu ba, ba su kuma kauce ba. Suka shigo ta inda na rubuta "ƙofa", suka ratsa ɗakin ɗinki, suka bi ta tsakiyar lambu. Mai unguwa ya fizgi hannuna ya hau da ni kan suri, babbar rigata tana jan ƙasa. Daga can ina kallo wani bijimi ya wuce da zarena naɗe a ƙaho, turaku uku suna binsa a baya suna ƙara.

Hajiya ta dafe ciki don dariya. Ta ce, "Malam Hedimasta, ga 'yan makarantarka sun iso! Kuma ka duba agogo, babu wanda ya makara."

Da na ƙarshensu suka wuce, turaku shida suka rage a tsaye. Ardo ya matso gindin surin, ya ɗago kai, ya ce cikin ladabi, "Malam, yanzu mun zo kan sauran batutuwa?"

Na sauko. Na kwance agogona na jefa a aljihu. Na ce, "Ardo, mun zo. Faɗi, har ka gama."

Ya ce wannan burtali ne, hanyar shanu tun zamanin kakanni, shi ya sa ba mai nomansa, takinsu kuma shi ya baƙanta ƙasar da ta ruɗe ni. In an toshe ta, shanu ba su da mabi sai gonakin mutane, daga nan sai rigimar da babu wanda ya san ƙarshenta. Na tuna saura kwana biyu motar haƙa ta iso, ga shi ba ni da fili, ga mata sun riga sun sayi iri.

Na ce, "To ina mafita?"

Ya nuna bayan dutse da sandarsa. Ya ce filin nan mai tsamiya tsohon mashekari ne, shanu sun yi shekaru suna kwana a kansa bayan girbi, takinsa ya fi na burtali. A kewaye shi da shingen bini-da-zugu, dabba ba ta cinsa. Hajiya ta ƙara da cewa mata suna iya zuwa can ta bayan gidaje, ba sai sun ratsa majalisar maza a bakin kasuwa ba.

Na ce, "Me ya hana ki gaya mini wannan tun farko?"

Ta ce, "Na fara, ka ce ya karkace."

Mai unguwa ya ce filin gadon gidansu ne, kuma ya san 'yan'uwansa ba za su hana ba. Ya faɗi haka har ƙarshe, ban katse shi ba. Ina jin ranar ce ta farko da ya gama magana a gabana tun yana aji uku.

Washegari bayan sallar Juma'a muka auna wurin, Ardo riƙe da bakin tef, ni ina rubutawa. Na koyi cewa filin da ka tarar babu kowa a kansa yana da dalilinsa, kuma wanda ya san dalilin sau da yawa shi ne mutumin da ka ce ya dakata.

Motar haƙa ta iso ranar Asabar da hantsi, aka sami ruwa kafin la'asar. Cibiyar tana nan a bayan dutse, lambunta mai kusurwa uku ne, shanu kuma suna wucewa ta hanyarsu.