Matar da Ta Sare Bishiyar Nea Gligor

Ƙarfe bakwai saura kwata za ka gan ta a tashar bas ta bakin kasuwa, 'yar gajeruwa, da takalman roba irin na masu lambu ko da rana ake ƙwallawa, da tsohuwar jakar fata a kafaɗa. Abin da ke cikin jakar kowa a garin nan ya sani: gudumar katako, da igiyar awo, da ƙaramin gwangwanin jan fenti, da burodi da cuku a nannaɗe cikin takarda. Takan fara biyawa ofishin magajin gari ta kwashi takardun da suka taru, daga nan kujerarta ba ta ƙara ganinta sai yamma. Shekara talatin da huɗu ke nan Doamna Stela Manolache tana wannan zirga-zirga tsakanin benayen garinmu na bakin kogin Danube, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Na ce kafin a sallame ta da fure da jawabin minti biyu, bari ni ma in faɗi abin da idona ya gani.

Duk mazaunin bene ya san dokar: bishiyar da ke harabarku, ko kai ka dasa ta da hannunka, ba ka isa ka sare mata reshe mai kauri ba sai ƙungiyar mazauna ta rubuta wa hukumar gari, an aiko an duba, an ba da takardar izini. Wadda ake aikowa ita ce Injiniya Stela. Ba ta farawa da takardarku. Sai ta zaga bishiyar sau uku, ta ɗaga kai har wuyanka ya gaji a madadinta, ta tona ƙasar gindin da yatsu, sannan ta zaro gudumar ta ƙwanƙwasa, ta kasa kunne. In bishiyar ta sarewa ce, ta ɗiga mata jan fenti. In ba ta sarewa ba ce, to ko ɗan'uwan magajin gari ne kai, sai haƙuri.

Mutanen bene na tara har yau suna ba da labarin mai sabuwar mota da ya tare ta yana kumfar baki, wai bishiya tana ɗiga masa danƙo a gilashi.

Ta ce, "Domnule, ranka ya daɗe, motar ce ta tarar da bishiyar, ko bishiyar ce ta tarar da motar?"

Ya ce, "Wannan wace irin tambaya ce?"

Ta ce, "To a matsar da wadda ke da taya."

Sau nawa ta mayar da masu injin zarto gida saboda ta hango sheƙa da ƙwai a cikin rassa? Kuma kada ka wahalar da kanka da toshiyar baki. Za ta ci cozonac, burodin nan mai zaƙi da matarka ta gasa, ta yaba hannunta, ta nemi ƙari ma, sannan ta rubuta "a'a" a gabanka.

Amma ni abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne bishiyar Nea Gligor.

Nea Gligor (Nea muke ce wa dattijo) tsohon ma'aikacin wurin ƙera jiragen ruwa ne, yana hawa na uku a benenmu. Shekarar da aka ba su makullin gida, shi da matarsa Tanti Safta suka ɗauko 'yar bishiyar tei, irin mai furen nan mai ƙamshi, daga ƙauyenta, a jirgin ƙasa, naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, suka dasa a ƙofar shiga. Ta girma har ta wuce hawa na huɗu. Duk watan Yuni Tanti Safta takan tsinki furenta, ta shanya a kan jarida, ta bi ƙofa ƙofa tana rabawa don shayin hunturu. Da ta rasu, shekara shida kafin wannan labari, sai tsohon ya koma zaman bencin da ke gindin bishiyar daga safe zuwa azahar, yana karanta jarida da ƙarfi kamar akwai mai saurare.

Watan Fabrairu iska ta karya wani ƙaton reshe, ya faɗo ya lotsa rumfar ƙofar shiga, mai kawo wasiƙu ba ta yi taku biyar da wucewa ba. Shugaban ƙungiyarmu, Domnu Pandele, wanda dama ya daɗe yana auna wurin da ido don ajiye mota, ya tara mu a gindin matakala da takarda a hannu. Gidaje ashirin, sha tara suka sa hannu a sare. Ni ma na sa, kuma ba zan yi ƙarya in ce don mai wasiƙu na sa ba. Bishiyar ta tare min rana, shanyata takan kwana uku a baranda ba ta bushe ba. Nea Gligor ya karɓi takardar, ya karanta sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa wa Pandele abarsa, ya hau sama.

Ana saura mako guda bikin Ista, lokacin da kowa yake fitowa da bokiti da buroshi a shafa wa gindin bishiyoyi farar ƙasa kamar yadda muka gada, sai ga Nea Gligor a ƙofata.

"Maƙwabciya, ara min tsaninki."

Na ɗauka taga zai wanke, na ba shi. Ashe akwai wani kogo a inda bishiyar ta rabu biyu, sama da tsayin mutum, wanda shi kaɗai ya san da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsohon nan mai shekara tamanin da ɗaya ya kwaɓa siminti ya hau tsani ya cika kogon, ya shafe, ya bi da farar ƙasa har shafi uku don kada a ga tabon. Sauran bishiyoyin layin farinsu ya tsaya a ƙugu. Tamu kuwa ta fito fes tun daga ƙasa har sama kamar amarya.

Talatar bayan Ista Doamna Stela ta zo. Duk mun fito baranda, wai shanya muke. Pandele yana tsaye da fayil, Nea Gligor kuma ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci. Ta tsaya daga nesa ta dubi bishiyar, ta dubi sauran.

"Nea Gligor, kai ka yi wannan kwalliyar?"

"Al'ada ce, Injiniya. Kowa ya shafa."

"Kowa ya shafa zuwa ƙugu. Kai ka kai har wuya."

Aka kwashe da dariya daga sama. Pandele ya matso. "Doamna, ai in gaya miki, siminti ya..."

Ta ɗaga masa hannu. "Domnu Pandele, takardarka ta iso, na karanta har sau biyu. Ƙishirwa nake ji. Taimaka min da ruwa daga gidanka."

Gidan Pandele yana hawa na biyar, kuma benenmu ba shi da lif. Haka ya tafi yana ƙunƙuni.

Daga nan ta kama hannun tsohon ta kai shi gaban bishiyar da ke maƙwabtaka, ta sa masa gudumar a hannu. Ina hawa na biyu, duk abin da suka ce ya shiga kunnena.

"Shekara nawa ka yi kana bugun ƙarfen jirgi kana saurare?"

"Arba'in da ɗaya."

"To kunnenka ya fi nawa. Buga wannan."

Ya buga. Ƙarar ta fito a dunƙule, ƙam.

"Yanzu buga taka."

Ya daɗe a tsaye kafin ya ɗaga hannu. Sau ɗaya ya buga, ƙarar ta amsa daga ciki kamar an bugi tulun da ba ruwa. Bai ƙara ba. Ya koma ya zauna a benci, gudumar a kan cinya.

Ya ce, "Tun bara na sani."

Ta zauna kusa da shi. "Na san ka sani. Wanda bai sani ba, me zai kai shi kan tsani da bokitin siminti?"

"A rage mata rassa kawai, 'yata. Ki rubuta haka. Wa zai sani?"

"In na rubuta haka na yi maka ƙarya. Abin da ya rage a jikinta bai fi kaurin yatsu uku ba. Ranar da ta faɗo a kan wani, ni da kai ne ba za mu ƙara iya haɗa ido da kowa ba."

"To a bar ta ta kai Yuni. Ta yi fure sau ɗaya, shi ke nan."

Nan ne na zaci za ta sassauta, don ni da na sassauta. Ta kalli ƙofar da mutane ashirin da iyalansu suke shiga da fita, ta ce, "Ba zan iya ba, Nea Gligor. Ka yafe min."

Ta sa aka ɗaure hanyar da igiya a ranar. Jan fentin kuwa sai da ta zagaya bayan bishiyar, ta durƙusa, ta ɗiga shi can ƙasa, ɓangaren da tagarsa ba ta kallo.

Da takardar izini ta fito, Pandele ya karanta ya kusa haɗiye harshe. An yarda a sare cikin kwana goma, amma ta ƙara layi biyu da ba wanda ya roƙa: a yanke daidai gwiwa, kada a tumɓuke kututturen, kuma a kewaye shi da shinge, domin saiwar tana da rai kuma tei takan sake toho daga gindi. Wurin ajiye mota ya sha ruwa ke nan. Sau uku Pandele yana zuwa ofishinsu da ƙorafi, sau uku tana shiga gaban shugabanta ta kare layukanta biyu. Ba a goge ko harafi ba.

Ranar sara ba aikinta ba ne ta zo, masu zarto sun san hanya. Amma ƙarfe takwas sai ga ta, ta wuce su ta hau hawa na uku. Na tarar da ita a can, don kunya ta sa na gasa waina na kai wa tsohon. Nea Gligor ya rufe taga, ya dafa mana shayi da ragowar furen bara. Injin yana ta gurnani a ƙasa, ita kuma tana ta tambayarsa labarin Tanti Safta, yadda suka haɗu, da ranar da mai duba tikiti ya so ya hana su shiga jirgi da jiƙaƙƙen buhu. Yana cikin bayani aka ji dim, har kofuna suka motsa a kan tebur. Maganarsa ta yanke. Na rasa inda zan sa idona.

Doamna Stela ta tura masa kofinsa, ta ce, "Ina jin ka. Sai Safta ta ce masa me?"

Ya share fuska da tafin hannu, ya ci gaba.

Da muka sauko, cikin gangar bishiyar rami ne da mutum zai shiga ya tsaya, ga dunƙulen simintinsa a gefe kamar tukunya. Ya cire hula ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Da ta kashe mutum."

Kafin bazara ta ƙare kututturen ya fitar da toho fiye da talatin. Wata Asabar, ranar hutunta, ta zo da almakashin lambu, su biyu suka tsuguna suna gardama a kan wanne ya fi ƙarfi. Nasa aka bari. Yau shekara biyu, ya fi shi tsayi. Ya san ba zai ga ranar da zai kai hawa na uku ba, ya kuma faɗa da bakinsa, amma kullum yana nan a benci da jaridarsa. Ni kuwa shanyata tana bushewa cikin rabin yini, watan Agusta kuma ɗakina ya zama murhu. Ban yi wa kowa ƙorafi ba, abin da na nema na samu.

Doamna Stela, ke ce kika tsaya tsakanin bishiyoyin garin nan da son zuciyarmu shekara talatin da huɗu, kina shan zagi daga mai son a sare da mai son a bari, wani lokaci a rana ɗaya. Ke ce kika hana ɗaruruwa faɗuwa a banza, kuma da ta kama a sare wadda ta fi kowace zafi, ba ki ɓuya a bayan hatimi ba. Kin zauna a benci kin faɗa wa tsoho gaskiya ido da ido, kika kuma hau bene kika taya shi jin ɗacinta. Ba sunanki a jikin ko bishiya ɗaya, amma duk wanda ya fake a inuwa a wannan gari, da hannunki a ciki. Mun gode, uwar inuwa. Allah ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya hutar da waɗannan gwiwoyi.

Ku kuma da za ku gaji jakarta, da duk wanda aka ba hatimi a hannu, a ofishi ko a asibiti ko a makaranta, ku duba ku gani. Ana iya cewa "a'a" ba tare da an wulaƙanta mutum ba, kuma ana iya tausayi ba tare da an yi ƙarya ba. Ku fito daga bayan tebur ku je ku ga wanda takardar ta shafa.

Shekaranjiya na sami Nea Gligor a benci na ce masa ina rubutu a kan Injiniya, ko akwai abin da yake so in sa. Ya ninke jaridar a hankali, ya yi tunani.

Ya ce, "Rubuta cewa ita ce ta sare min bishiyar Safta. Ki kuma rubuta cewa da ina da wata, ita zan kira."