Nonon Saude

Duk wanda ya ci kasuwar Karofane wajen 1978 ya san Saude matar Rabo, mai daddawar batso. Mace ce mai baki, ko ƙuda ya sauka a faifanta sai ya sha magana. Amma da an tayar da zancen goyo sai ta yi tsit.

Sau biyu tana haihuwa, jarirai ɓul-ɓul gwanin sha'awa. Da sun kai wata shida sai hannu da ƙafa su kumbura, ido ya yi rawaya, kuka ba ƙaƙƙautawa. Ba wanda ya kai yaye.

Da ta haifi Surajo, tsofaffi suka ce a gwada nonon. Aka tatsa a ludayi, aka jefa tururuwa. Ta yi ta iyo har ta mutu. Yo wace tururuwa za a dulmuya ta kwana lafiya? Amma wa ya isa ya faɗi haka gaban tsofaffi! Aka ce nonon Saude mugu ne. Washegarin suna ta kai yaron har garin Azarori da hannunta, wurin ƙanwarta Zaliha da ke goyo. Ta dawo ta ɗaure ƙirji da zane har nonon ya ƙafe. Ta sha kuka, wallahi ta sha, tana cewa gara ya rayu a bayan wata mace.

A wata na bakwai Zaliha ta aiko: hannun Surajo ya kumbura.

Su biyu suka kai shi asibitin mishan, aka ɗebi jininsa. Wata ma'aikaciya, Hannatu, ta zaunar da Saude.

"Uwar Surajo, amosanin jini ne, gado daga ke da babansa. Jariri da jinin ciki yake zuwa duniya, mai lahiya. Akwai wani abu cikin jiki da ke ruhe wannan a hankali, kamar yadda ake ruhe rumbu, ya buɗe na gadon. Wajen wata shida yake gamawa. Ba mu san yadda za a hana shi ba."

"To, nonona?"

"Ba ruwan nono. Ko wa ta shayar da shi, haka za a yi."

Saude ta dubi yaron da ke barci, ta ce:

"Ke nan watannin nan da suka wuce su ne lahiyarsa duka?"

Hannatu ta sunkuyar da kai.

Surajo ya farka da kuka. Saude ta yi wuf ta ɗauke shi. Ya dubi fuskarta, ya banƙare, yana miƙa kumburarren hannunsa wajen Zaliha. Saude ta miƙa mata shi.