Tarin Injin Jirgi

A shekarata ta ƙarshe a jami'a a London, aikina sauraron iska ne. A ɗakin gwajinmu akwai ƙaramin samfurin gaban injin jirgin sama, inda jerin fukafukan ƙarfe ke zuƙo iska suna matse ta kafin ta isa wajen wuta. Nakan manna siraran zaren ulu a cikin murfinsa na gilashi. Idan iska na tafiya lafiya, sai su kwanta gefe ɗaya kamar ciyawa a ƙarƙashin ruwan rafi. Idan na ƙuntata mata mafita, sai su kama karkarwa, wani ya miƙe, wani ya juya baya, injin ya soma tari. Ko a bas, daga Aldwych zuwa Peckham, zaren nan nake gani a gashin mutane da gefen gyalen mata.

Mama za ta zo daga Jos bikin kammala karatuna, kuma ba ta taɓa hawa jirgi ba. Ta tambaye ni a waya me nake karantawa. Ni da ban iya rage zance ba, na zayyana mata komai: yadda iska kan ƙi wucewa, ta dawo da baya, har wuta ta fito ta bakin injin.

Sai ta ce, "To, 'yar nan, a yi cancel, na fasa zuwa. Kya turo mini hoto."

Wata rana da yamma, ɗakin ba kowa, na kira ta ta bidiyo, na tayar da samfurin. Na ƙuntata mafitar a hankali. Zaren ya fara rawa.

"Ke! Kashe shi!"

"Mama, ki dai duba."

Wata na'ura da ke jin rawar iskar ta buɗe wata 'yar ƙofa a gefe, ta saki kaɗan. Zaren ya koma ya kwanta ɗaya bayan ɗaya, ƙarar ta zama lumfashi mai tsawo.

"Da kansa ya buɗe?"

"Eh. Na jirgin gaske ma suna da irinta, kuma ba a bari su kai nan."

"Ashe babanki ne. In ya fara minshari, taɓa shi kawai nake ya gyara kwanciya. Shi ne kika tafi har London ki koyo?"

Na yi murmushi.

"A sa ni kusa da fiffike," in ji ta. "Kuma ki tambaya mini ko suna barin kuka da daddawa a jaka."